Kumazo, Kukun Adimiral Ashibe

Ba kishin ƙasa ne ya kai Hamada Kumazo aikin sojan ruwa ba, ko da yake haka yake cewa bayan ya tsufa. Farar shinkafa ce ta kai shi. A ƙauyensu na masunta, can gaɓar yammacin Kyushu, dankali ake ci da safe, sha'ir da rana, da yamma kuma a haɗa su biyun. Farar shinkafa sai ranar sabuwar shekara, ko kuwa in mutum ya kwanta ciwon ajali a dafa masa 'yar kaɗan. Shi ya sa in tsoho ya ji ƙanshinta a gidansa ba lokacin biki ba, sai ya fara wasiyya. Ana nan sai wani ɗan ƙauyen ya zo hutu daga sansanin sojan ruwa na Yokosuka, kumatu sun ciko, ya zauna a bakin kwalekwale yana ba da labari cewa a jirgin yaƙi sau uku ake cin farar shinkafa a yini, kuma har da ƙari. Kumazo yana da shekara ashirin da biyu a lokacin. Ko ɗinkin komar da ke hannunsa bai ƙarasa ba.

Da farko wajen igwa aka sa shi. A mako na uku harsashi ya suɓuce masa ya faɗa kan ƙafar wani hafsa, hafsan ya yi rantsuwa da kakanninsa cewa in ya sake ganin wannan mutum kusa da igwa, shi zai ɗura a ciki ya harba. Aka tura shi kicin don horo. Kumazo ya shiga, ya ga buhunan shinkafa jere har rufi, ya ce a ransa in wannan ne horo, to da ma ƙafa biyu ya fasa.

Kyaftin ɗin jirgin shi ne Ashibe Tadakuni, ɗan sarkin da ya mallaki ƙasarsu Kumazo kafin a rushe sarautun dauri. Ya yi karatun aikin teku a Ingila, ya dawo da gashin baki mai murɗe da kuma al'adar kallon mutum ta saman kansa. Wata rana aka kai masa miya, ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kwano, ya ce a kira wanda ya dafa. Romon busasshen kifi mai fukafuki ne, irin na gida, wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

"Kai ɗan ina ne?"

"Talakanka ne, ranka ya daɗe. Kakana ma ya taɓa ganin kakanka."

"To. Me ya ce a kansa?"

"Ya ce masu ɗauke da shi ƙafafunsu duk faso ne. Iyakar abin da ya gani ke nan, don goshinsa na ƙasa."

Hafsoshin da ke wurin suka ƙame. Kyaftin ya daɗe yana kallonsa, sai gefen gashin bakin ya motsa. Daga ranar Kumazo ya zama kukunsa, kuma bai bar wannan aiki ba sai bayan shekara talatin da huɗu.

A shekara ta biyu aka tura jirgin doguwar tafiya kudu, ta wata tara. Tun ba a yi rabi ba ciwon kumburi ya shigo. Ƙafar mutum ta kumbura, ka danna da yatsa ramin ya zauna, daga nan sai numfashi ya gagara. Mutum goma sha ɗaya aka naɗe a tamfol aka sauke a teku, cikinsu har da Sakichi, wanda suke wanke tukwane tare da Kumazo. Kumazo da hannunsa ya ɗinke tamfol ɗin, kuma har ya mutu ba ya son a tuna masa wannan safiya.

Likitan jirgin, Yanase, wani siririn mutum marar fara'a, ya ce laifin farar shinkafa ne, a haɗa ta da sha'ir. Kyaftin ya ba da umarni. Aka tsaya a wata tasha aka loda buhuna. Jirgi ya ɗauki guna-guni.

"Sha'ir? Mu dawakai ne ko fursunoni?"

Wanda ya fi kowa jin zafi Kumazo ne. Ya tsaya kan buhu yana cewa, "Na gudo wa abin nan tun daga Kyushu, ya biyo ni har tsakiyar teku. An gudu ba a tsira ba."

Da kyaftin ya ga ana zubar da abincin a ruwa, sai ya ce daga yau a fili zai riƙa ci, a gaban kowa. Aka kafa masa tebur a saman jirgi. Amma kafin nan ya kira Kumazo ɗakinsa, ya rufe ƙofa, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Kwanon nan yana da zurfi, ko?"

"Yana da shi, ranka ya daɗe."

"Ba dole ne abin da ke sama ya zama shi ne a ƙasa ba."

"Ai ko jirgi haka yake, ranka ya daɗe."

Sai ya zama kullum Kumazo ya zuba farar shinkafa cike da kwano, ya yafa sha'ir a sama kamar hoda, kyaftin ya zauna ya ɗaga kwano kusa da baki, ya ci da martaba, sojoji suna kallo suna jin kunya, suna haɗiye nasu. Tun da kuma an ɗora tukunyar fara, Kumazo bai ga dalilin da zai sa ya bar ragowar ta lalace ba. Bayan wata biyu duk jirgin ya warke, mutane suna hawa igiya kamar birai. Mutum biyu kaɗai suka fara jan ƙafa. Kyaftin ya ɓoye tasa a cikin dogon takalmi. Kumazo ba shi da dogon takalmi.

Likita Yanase ya tare shi a bakin kicin, ya durƙusa, ya danna masa ƙwauri. Rami ya zauna.

"Kai kaɗai kake cin ta?"

"Ni kaɗai, likita."

"Tukunya guda?"

"Ina da ci."

Likitan ya ɗaga kai ya dubi inda kyaftin yake tsaye da takalminsa har gwiwa a cikin zafin da kwalta ke narkewa. Aka gurfanar da Kumazo, kyaftin da kansa ya yanke hukunci da kakkausar murya: kwana talatin yana cin zallar sha'ir a tsaye, a gaban kowa. Kumazo ya rusuna ya yi godiya. Washegari ya kawo kwanon kyaftin da hannu biyu, ya ajiye, ya ɗaga murya yadda har na can saman tirken jirgi zai ji.

"Yau a tona har ƙasa, ranka ya daɗe, a nuna wa yaran nan yadda manya ke ci!"

Sha'ir ne tun daga sama har gindi. Kyaftin ya cinye shi tas, idanu ɗari uku a kansa, yana tauna yana harararsa. Ƙafafu huɗun suka saɓe a mako guda, kuma ba wanda ya sake ta da maganar a tsakaninsu. Labarin kyaftin ɗan sarki mai cin abincin talakawa tare da yaransa kuwa ya riga jirgin isa gida, jaridu suka buga, aka ƙara masa girma.

Da yaƙi ya zo, Ashibe ya riga ya zama Adimiral, jirage shida a ƙarƙashinsa. Abin da ya yi a ranar babban karo yana cikin littattafan makaranta. Abin da Kumazo ya yi shi ne dunƙula shinkafa da gishiri, dunƙule dubu da wani abu, yana aikawa wajen masu igwa, har harsashin abokan gaba ya shigo ta bangon kicin ya tafi da murhu da rabin rufi. Aka zaro shi daga ƙarƙashin tukwane da ransa, sai dai kunne ɗaya ya mutu. Wane kunne ne, ba a taɓa tabbatarwa ba. In Adimiral yana faɗa ta hagu, na hagu ne. In ya zagayo dama, sai ciwon ya riga shi zuwa. Amma a rage murya a ce ga giyar shinkafa a ɗaki na uku, sai ka gan shi a bakin ƙofa.

Bayan yaƙin ya auri Osen, wata bazawara mai sayar da awara a bakin tashar Yokosuka. Ita ce ta neme shi, in za a faɗi gaskiya. Ya je saye ya tsaya yana kushe mata awara, ta ce masa in ya fi ta iyawa ya zo ya jiƙa waken da kansa. Ya je don ya kunyata ta, bai dawo ba sai da maganar aure. Ita kaɗai ce kurumtar ba ta aiki a kanta, don ba ta magana sau biyu, ludayi take ɗagawa.

Mahaifin Adimiral ya rasu, Adimiral ya gaji laƙabin sarautar da kujerar Majalisar Manya, ya ajiye teku ya koma Tokyo. Ba a jima ba aka ba shi ministan sojan ruwa. A nan ya gane cewa a teku aƙalla kana ganin hayaƙin abokin gaba tun daga nesa. A majalisa kuwa wanda ya fi rusuna maka shi ne ya gama haƙa maka rami. Yakan dawo gida fuska a murtuke, ya zauna gaban abinci yana magana shi kaɗai.

Kumazo kuwa kullum da sassafe yana kasuwar kifi ta Nihonbashi, inda kukun kowane babban gida yake zuwa. Bai iya karanta jarida sosai ba, amma ya iya karanta kwando. Wata rana yana zuba miya ya ce, "Gobe akwai taro gidan mai girma Tsukumo. Mutum goma sha huɗu."

Tsukumo shi ne tsohon basaraken da ya rantse ba za a ƙera wa sojan ruwa ko kwalekwale ba muddin yana numfashi. Adimiral ya ajiye tsinken cin abinci.

"Wa ya gaya maka?"

"Jinbei, kukunsa, ya sayi jan kifin tai goma sha huɗu. Ya kuma sayi kifin gwando na musamman, wato surukinka yana cikinsu, don duk Tokyo shi kaɗai ke cin gwando da wannan sanyi."

Haka aka yi kuwa, har da surukin. Tun daga nan Adimiral ya riƙa shiga majalisa ya dubi mutum ya ce, "Ina fata abincin jiya ya yi daɗi," mutum ya daskare. Aka fara raɗa cewa Ashibe yana da 'yan leƙen asiri a kowane gida. Wasu har suka kori masu shara.

Sai babbar magana ta taso: jirage huɗu sababbi da yake nema. Ƙuri'a saura kwana biyar, kuma lissafi bai kai ba. Akwai wasu mutum ashirin da ba su nan ba su can, suna bin bayan wani tsoho mai suna Nabari, wanda ba shi da haƙori ko ɗaya amma yana da zuciya kamar barkono. Duk inda Nabari ya karkata, nan ashirin ɗin za su bi. Adimiral ya aika masa sau biyu, tsohon ya ce yana mura.

Kumazo bai shawarci kowa ba. Ya tafi kasuwa da kurar ɗaukar kaya biyu, ya tsaya inda ya san Jinbei zai wuce, ya fara zaɓen tai yana ƙorafi.

"Arba'in! Mutum arba'in, ni kaɗai da tsohuwa. Su manya ba ruwansu, su dai su ce a dafa."

Jinbei ya matso yana shafa wani kifi da ba shi da niyyar saye. Sun shekara goma suna zagin juna a wannan kasuwa, ko ranar da ɗaya bai zo ba ɗayan ba ya jin daɗin ciniki.

"Kurma, biki kuke yi? Ko Adimiral ɗin ne zai yi bankwana da kujera?"

"Me ka ce? Zagayo ta nan."

"Na ce su wa za su zo?"

"Af, ai ba a faɗa. Kai dai je ka dafa wa tsohonka kunu." Ya juya ga mai kifi. "Ka ware mini guda ɗaya mai laushi, wanda za a kirɓa a tace. Akwai wanda ba ya tauna." Sai ya kama bakinsa kamar wanda maganar ta suɓuce masa.

Jinbei bai ko sayi abin da ya zo saye ba. Kafin rana ta take, Tsukumo ya ji cewa Nabari ya sayar da kansa a kan jan kifi. Ya tare shi a farfajiyar majalisa a gaban jama'a, ya ce masa bai san mura tana warkewa da ƙanshin kicin ɗin Ashibe ba, ya ƙara da wata magana a kan dasashi. Nabari bai san hawa ba bai san sauka ba, amma ya san an zage shi.

Adimiral kuwa ya dawo gida ya tarar da tsakar gida ta yi ja wur, kifi arba'in a jere kan tabarmi, Osen tana kora kuliyoyi da tsintsiya.

"Kumazo! Mene ne wannan?"

"Baƙi, ranka ya daɗe."

"Waɗanne baƙi? Wa na gayyata?"

"I, ranka ya daɗe, da sanyi kam."

Adimiral ya zagaya ɗaya kunnen, ya cika ƙirji da iska zai yi tsawar da ya saba yi a kan teku, sai mai gadi ya shigo da gudu ya ce ga keken mai girma Nabari a ƙofa. Tsohon ya shigo a fusace yana dogara sanda.

"Ashibe! An ce ina cin abinci a gidanka. Tun da an riga an zage ni a kai, to sai na ci. Kuma ashirin na bayana suna tafe."

Adimiral ya waiwaya a hankali. Kumazo ya riga ya rusuna.

"Na mai girma an tace shi tun ɗazu, ranka ya daɗe."

Aka ci ashirin da biyu a ranar. Sauran Osen ta sa musu gishiri ta shanya a kan igiyar wanki, gidan minista ya yi mako biyu yana ƙarni, uwargida Teruko, matar Adimiral, ta ƙaura gidan 'yar'uwarta sai da iska ta sauya. Jirage huɗu suka wuce da ratar ƙuri'a bakwai. Jaridu suka yabi zurfin dabarar Adimiral, wani ma ya rubuta cewa irin kwanton ɓaunar da ya yi a teku ce ya maimaita a tudu. Adimiral ya karanta wannan da ƙarfi a bakin kicin, ya naɗe jaridar, ya ƙwala wa Kumazo a ka, sannan ya miƙa masa kwalbar giyar da wani jakada ya ba shi. Jinbei ya yi wata uku ba ya gaishe da Kumazo, daga baya ya gaji ya dawo, don zagin wani ba ya masa daɗi.

Gwamnatin ta faɗi bayan wata goma sha huɗu a kan rigimar harajin gona, abin da bai shafi Adimiral ba ko kaɗan, amma guguwa ba ta zaɓen rufi. Ya koma wani ƙaramin gida a bakin teku a Hayama, yana zuwa majalisa jefi-jefi don ya yi gyangyaɗi. Su biyun suka tsufa tare suna musu a kan gishiri. Da ciwo ya kwantar da shi, ba ya karɓar komai sai daga hannun Kumazo. Ya rasu wata safiya ta bazara. Kumazo ya yi kwana uku bai kunna wuta ba, Osen ma ba ta ɗaga masa ludayi ba.

Bayan shekara guda mutanen ƙasarsu suka ce za su kafa masa gunkin tagulla a bakin tashar jiragen garin. Mai sassaƙa ya ce fuska ba matsala, akwai hotuna, amma yana son wanda zai sa kakin ya tsaya masa. Aka gwada ɗan marigayin, ya yi siriri, rigar ta rataye kamar a kan ƙusa. Aka gwada hafsoshi biyu, ba su cika ta ba. Uwargida Teruko tana zaune tana tunani sai Kumazo ya wuce da tiren shayi, ta bi bayansa da kallo.

"Kumazo, tsaya. Juyo."

Shekara talatin da huɗu suna ci daga tukunya ɗaya. Rigar ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka.

Kwana goma sha biyu ya yi a tsaye a kan akwati, lambobin yabo cike da ƙirji, hannu a kan takobi. Ranar farko ya yi kuka, hawaye na ɗiga kan zinariyar wuya, mai sassaƙa ya fita ya ba shi wuri. Zuwa rana ta uku ya fara cewa almajiran mai sassaƙa su sara masa kafin su yi magana. Osen ta kawo masa abinci, ta tsaya ta kare shi da kallo sama da ƙasa.

"Ranka ya daɗe Adimiral na albasa, in an gama yaƙin akwai itace a gida yana jiran faskare."

"Mata ba sa shiga jirgin yaƙi."

"Sauko ka faɗa mini a nan."

Bai sauko ba.

Ranar buɗewa aka zo daga Tokyo da badujala da manyan baƙi. Kumazo yana can baya cikin tsofaffin masuntan ƙauyensu. Aka ja ƙyalle, aka yi tafi, wani babba ya fara jawabi a kan tsayuwar jarumi wadda daga ganinta ka san jinin sarauta. Wani tsoho da ke kusa da Kumazo ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana duban gunkin daga ƙugu zuwa ƙasa, sai ya zunguri na kusa da shi.

"Kai, dubi gwiwar nan. Wannan ai gwamen gidan Hamada ne. Haka ubansa yake tsayawa in yana jan koma."

Magana ta bi layi, kafaɗu suka fara rawa, tsofaffi suna toshe baki da hula, mai jawabi yana ganin kamar kuka suke yi, ya ƙara ƙaimi.

Kumazo da Osen ba su koma Hayama ba. Suka kama wata rumfa a bakin tashar, ita tana awara, shi yana miya, ya ƙara shekara bakwai a duniya. Kowace safiya in zai wuce gunkin sai ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi fuskar, ya cire hula ya yi gaisuwa, amma ba ya rusunawa sosai kamar sauran mutane. Wani malamin makaranta ya taɓa yi masa faɗa a kan haka, cewa tsoho kamarsa ya kamata ya san girman manya.

Kumazo ya ce, "Daga wuya zuwa sama na gaishe shi, malam. Sauran kuwa mun saba."